Layi a Wuyan Wule

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, mu uku a gaban a-kori-kurar ofishin ilimi: direba, da ni, da wani babban jami'i wanda shi ne shugaban tafiyar. Gasar zane aka shirya wa ɗaliban sakandare na Anka da Bukkuyum da Gummi, aka ba su take, wai "Arzikin Ƙasarmu". Ni malamin zane ne, shi ya sa aka jefa ni cikin alƙalai. Aikinmu mu bi makarantun mu tattaro zanen, a baje su a Gummi, a fitar da gwani. Wanda ya zo na ɗaya kuwa, gwamnatin jiha za ta ɗauki nauyin karatunsa har ya gama.

Shugaban namu mutumin kirki ne, sai dai abu biyu ya iya a duniya: jawabi da barci. Kafin mu bar gari ya yi mana na farkon, muna wuce Bunguɗu ya shiga na biyun, ya jingina kansa a kafaɗata kamar ni aka haifa don wannan aiki. Kwalta ta yi mana kirki har Mayanci. Da muka karya kwana muka nufi Anka, sai hanya ta nuna mana halinta, ramuka manya da ƙanana, ga zafin bazara tun hantsi bai gama ɗagawa ba.

A nan muka fara jin warin. Mun daɗe muna ji a rediyo cewa ciwon bushiya ya shiga shanu a wannan yankin, amma rediyo ba ya kawo wari. Da farko mushen saniya ɗaya muka gani a gefen hanya, ta kumbura, ƙafafu a sama. Can kuma wasu a gindin kalgo. Daga baya na daina juya kai. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi idan mota ta zo, sai dai su ɗan matsa. Direba ya naɗe hancinsa da rawani, shugabanmu kuma ya farka ya tambaya ko wani abu ne ya lalace a cikin mota.

A kasuwar Anka muka karya kumallo da koko da ƙosai. Na nemi fura da nono, aka nuna mini gindin tsamiyar da matan Fulani ke zama, babu kowa sai duwatsun da suke ɗora ƙorai. Sabulu da sukari da madarar gwangwani sun yi tsadar da sai ka yi wa mai kanti ladabi kafin ya fito maka da su daga ƙarƙashin tebur. Nama kuwa ya faɗi warwas. Mahauta na kiran mutane har da riƙe riga, mutane na kawar da kai, don kowa ya san sai saniya tana shure-shuren mutuwa ake yanka ta.

A makarantar Anka aka shimfiɗa mana zanen a kan tebura. Rumbuna, damman gero, auduga, da wata tarakta mai kyau wadda na tabbata mai zanen a littafi ya ganta. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne, duk wani abu mai rai a cikin zanen, mutum ko jaki ko kaza, an ja masa baƙin layi a wuya. Shugaban makarantar ya yi mini bayani. Da aka kawo maganar gasa, iyaye sun ƙi, suka ce wanda ya zana mai rai, gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Aka yi ta zama, har malaman addini suka kawo mafita: a ja layi a wuya, a raba kai da gangar jiki, shi ke nan ya tashi daga mai rai. Da wannan sharaɗin iyaye suka yarda, aka kuma sa shi cikin dokar gasa.

Ba a kan wannan aka aiko ni ba. Amma na yi dariya a zuci da na ga wani yaro ya zana kifi, ya rasa inda wuyansa yake, ya ja masa layi har biyu don kada a yi asara. Da muka fito kuma na duba bangon kasuwa cike da hotunan 'yan takara, kowa da ƙaton wuyansa lafiya lau, babu wanda ya ja wa ko ɗaya layi.

Washegari muka kama hanyar Bukkuyum. Daga inda aka rabu da babbar hanya babu sauran kwalta, sai jar ƙasa da kwazazzabai. Mun yi ta wuce rugage da aka tashi, turaku a kafe, igiyoyin maruƙa a yashe. Wani dattijo muka gani zaune a kan tushen itace da sandarsa a kafaɗa, yadda makiyayi ke yi idan yana kallon garkensa, alhali babu komai a gabansa sai fili. Direba ya yi masa sallama, shi kuwa idonsa na kan filin.

Malamin zane na makarantar Bukkuyum Kirista ne daga wajen Jos, ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta mutanen wurin. Tun kafin mu sha ruwa ya ja ni gefe, ya ce akwai zanen da yake so in gani, kuma akwai matsala a cikinsa. Ya kai ni aji, ya buɗe wani babban kwali.

Na shekara da shekaru ina koyar da zane, ban taɓa ganin ɗalibi ya yi irin wannan ba. Garken shanu ne a fili, duk a kwance, sai guda ɗaya a tsaye a tsakiya, ja mai farin goshi. Kowace saniya da kamanninta, da lanƙwasar ƙahonta, da yadda tozonta ya kwanta. Kana gani ka san mai zanen ya san kowace da sunanta. Mai zanen yana tsaye a bakin ƙofa, wani dogon saurayi ɗan aji huɗu, siriri, sunansa Giɗaɗo, ɗan wata ruga a ƙasar Gwashi. Na yaba masa ƙwarai, na ce ban taɓa ganin an kama hutun shanu da tsakar rana kamar haka ba.

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba hutu na ba. Matattu na."

Kunya ta rufe ni. Ya matso ya nuna mini da yatsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin na lura layukan da ke wuyan shanunsa ba baƙaƙe ba ne irin na sauran yara, jajaye ne, kuma ba duka ke da shi ba.

"Waɗanga masu ja ga wuya, su na Baffa yas samu yankawa. Waɗanga da babu komi, wuƙa ba ta cim musu ba, mushe sunka yi." Ya kai yatsa kan ta tsakiya. "Wagga ko Wule ta, saniyar Inna. Ita ɗai tar rage."

Matsalar ke nan. Wule tana tsaye, idonta a buɗe, wuyanta babu layi. An kira malamin addini na makarantar, wani dattijo mai sanyin magana, wanda da bakinsa ya lallashi iyaye suka yarda da gasar. Ya ce na kwancen ba ruwansa da su, abin da ba rai a jikinsa ba a yi masa layi. Ta tsayen ce kaɗai. Ya ce wa yaron, cikin lallami, ba yanka ba ne, layi ne kawai, don kada gobe a ce ya hura mata rai.

"Allah gafarta Malam, rai gare ta," in ji Giɗaɗo. "Allah yab ba ta, ba ni ba. Ba ni aza mata komi ga wuya tana da rai."

Dattijon ya juyo gare mu. Ya ce shi alkawari ya yi wa iyayen yara, in ya karya a kan mutum ɗaya, baɗi babu wanda zai bar ɗansa ya riƙe fensir. Shugabanmu ya gyara babbar riga ya ce doka doka ce: za mu tafi da zanen Gummi, in an ja layi kafin a yanke hukunci ya shiga gasa, in ba a ja ba an cire shi. Da muka fito malamin zane ya gaya mini sauran labarin. Uban yaron ya gama shawara, zai kwashe iyalinsa su yi kudu, su riƙa kiwon shanun wasu a biya su. Giɗaɗo ne babban ɗansa. In bai ci gasar nan ba, wannan zangon ne ƙarshen karatunsa.

Raina ya ɓaci, na rasa ma wa zan ji haushi. Na ji haushin dokar, na ji haushin shugabanmu, na fi jin haushin yaron, da zai jefar da karatunsa saboda abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na ce a ba ni mota in kai shi gida in ga ubansa, ko shi zai sa shi. Shugabanmu ya yarda nan take, don ya riga ya hango wata tabarma a inuwar darbejiya.

Hanyar Gwashi ba hanya ba ce, sawun shanu ne da mota ke bi bisa haƙuri. A gulbi ruwa ya janye, sai yashi, muka kafe har gindi. Mutanen wani ƙauye suka fito suka tura mu, suka ƙi karɓar ko goro, suka ce ko mu ne masu allurar shanu da ake ta cewa suna tafe. Da muka ce mu masu gasar zane ne, wani tsoho ya dube mu daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ban taɓa jin na zama abin banza kamar ranar ba.

Rugar su Giɗaɗo bukkoki ne kaɗan a bayan wani tudu. Abin da ka fara gani fatu ne a jibge, sun bushe sun ƙandare, babu mai saye. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Inna, ta kawo mana ruwa a ƙwarya tana ta ba da haƙuri, ta ce tun da take ba ta taɓa tarbar baƙo da ruwa ba. Uban, wanda yake kira Baffa, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce in gwamnati ta ɗauki yaron, ya bar mata. In ba ta ɗauka ba, yana bukatar hannu. Maganar layi kuwa, ya ce shi bai san takarda ba, amma ba zai ce wa ɗansa ya aza wa saniyar uwarsa wuƙa ba, ko ta fensir ce.

Wule tana can nesa da sauran wurin, an ɗaure ta a gindin wani marke, an hura mata hayaƙi saboda ƙuda. Ga ta nan yadda ya zana ta, ja mai farin goshi, ƙahon hagu ya ɗan karkata. Inna ta ce daga zuriyar karsanar da aka ba ta ranar sunanta take, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka zo kanta. Tana magana tana shafa mata wuya. Sai na ga ruwa na bin idon saniyar. Inna ta sa bakin zanenta ta goge, ta ce ƙuda ne. Giɗaɗo ya kawar da kai.

Na fasa duk jawabin da na shirya yi masa. Abin da na iya cewa kawai, ranar gasa ya zo Gummi, ko zai ja ko ba zai ja ba. Muka bar shi a can. Sai da muka haye gulbi direba ya yi magana, ya ce shi ma a cikin shanu ya tashi, kuma da hawaye ciwon yake farawa.

Gummi ta tarbe mu da ɗan kore, abin da muka kwana biyu ba mu gani ba. Fadama na nan da albasa da rake, masunta na fitowa da kifi daga gulbi, kuma a nan ne na fara cin abinci da daɗin rai tun da muka baro gida, tuwon shinkafa da miyar kifi a wata rumfa kusa da tasha. Mai abincin ta ce tun da ciwon shanu ya zo kifi ya yi daraja, har masunta sun fara taƙama. Mun daɗe a garin fiye da yadda muka shirya, domin babban baƙon da zai raba kyauta ya yi ta ɗaga ranar zuwansa, mu kuma muna ta jera zane muna sake jerawa a babban ɗakin taro na makarantar.

Zanen Giɗaɗo a hannuna yake duk kwanakin nan. Sauran alƙalai sun gani, babu wanda ya yi musu cewa ya fi na kowa, nesa ba kusa ba. Wata rana da hantsi na samu kaina ni kaɗai a ɗakin, ga baƙin fensir a aljihuna. Na ce a raina, in na ja, wa zai sani? Yaro ya samu karatu, dattijo ya cika alkawari, shugabanmu ya samu abin jawabi. Na fito da fensirin, na kai shi har kusa da takardar. Sai na tuna hannun Inna a daidai wurin. Na mayar da shi aljihu, na fita na sha iska.

Ranar gasa ɗaki ya cika, ɗalibai da malamai da iyaye. 'Yan Bukkuyum sun iso tun da safe tare da malamin zane da dattijon nan malamin addini, amma babu Giɗaɗo. An ɗora zanensa a wani tebur a gefe, ba a cikin layin gasa ba. Har babban baƙo ya zauna, shugabanmu ya fara gyaran murya, sai ga shi ya shigo, kayan makarantarsa duk jar ƙasa, ya ƙara ramewa. A bayan wata motar albasa ya zo.

Ya wuce kai tsaye wurin teburin. Dattijon ya taso ya same shi, ya miƙa masa baƙin fensir a hankali. Giɗaɗo bai karɓa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani guntun jan fensir. Ya sunkuya, ya ja layin a wuyan Wule, daga ƙarƙashin kunne har zuwa maƙogwaro, a hankali.

"Yawwa, yaro ya yi hankali," in ji shugabanmu, har da tafi. Ya sa aka ɗauki zanen aka kai cikin layi.

Dattijon ya tsaya da baƙin fensirinsa a hannu, na ji yana salati a hankali. Na matsa kusa da yaron, na kira sunansa.

"An samu yankawa, Malam," ya ce. "Ba ta yi mushe ba. Inna da kanta tak kira Baffa, tar riƙe mata kai." Ya mayar da fensirin aljihu. "Mun gode Allah."

Shi ya zo na ɗaya. Babban baƙo ya tsaya a gaban zanen ya yi jawabi mai tsawo a kan arzikin da Allah ya hore wa ƙasar nan, ya ce a dubi yadda shanu suka ƙoshi suka kwanta suna hutawa. Aka yi tafi. Ban ga laifinsa ba, ni ma abin da na fara faɗa ke nan. Giɗaɗo ya karɓi takardar shaidarsa da hannu biyu, ya rusuna, ya koma ya zauna. Daga baya malamin zane ya gaya mini iyayen sun riga sun ɗaure kaya, ba abin da suke jira kuma. Ya ce in an yi hutu, yaron zai zauna a gidansa.

Da rana tsaka muka juyo gida ta hanyar da muka zo. Zanen yana kan cinyata, a naɗe, don ni aka ba wa in kai Sakkwato, babban birnin jiharmu a lokacin. Shugabanmu ya yi barcinsa har Mayanci. A gefen hanya gawarwakin da muka wuce da zuwa sun zama ƙasusuwa, warin ma ya ragu. Da muka zo daidai inda hanyar Bukkuyum ta rabu, direba ya rage gudu ba dalili, sannan ya ci gaba. Mun shiga Gusau ana kiran magariba, na sauka da tsarabar albasa da busasshen kifi, yara suka yi ta murna.

Na tafi a matsayin alƙali, ina ganin na san abin da layi yake nufi a kan takarda, tunda shi nake koyarwa. Tafiyar nan ta koya mini in tambayi mai zane kafin in yaba, in kuma daina cewa wani abu "kawai" ne don ni bai taɓa ni ba. An yi gasa, doka ta tsaya, yaro ya samu karatu, kowa ya samu abin da ya zo nema, amma har yau ban iya cewa na ji daɗi ba. Da na koma aji, ɗalibaina suka tara mini aikinsu a kan tebur, na ciro jan biron da na saba duba aiki da shi. Na daɗe ina kallonsa. Tun ranar, da baƙi nake yi musu maki.